A dubi yaron, a bar ƙirga tumbuɗi

Wannan bidiyon da kuke ta turo mini, na matar da ke cewa duk jaririn da ke tumbuɗi a kifa shi ya yi barci, sannan a ɗura masa maganin gyambon ciki, ganganci ne tsagwaronsa. Madalla da sabuwar likitarmu, wadda ta yi karatunta ta gama a gaban kyamarar waya!

Jikin yaro ake dubawa, ba yawan nonon da ya zubo a kafaɗar uwa ba. Tsokar da ke tsuke bakin tumbinsa ba ta yi ƙwari ba a watannin farko, ga abincinsa ruwa-ruwa, ga shi kullum a kwance, shi ya sa nono ke dawowa. Abin yakan ƙaru wajen wata 4, ya lafa idan yaro ya fara zama, kuma yawancinsu sukan daina kafin su cika shekara. Jaririn da ke tumbuɗi yana kama nono da kyau, nauyinsa yana ƙaruwa, wanki kawai ya ƙara wa uwarsa.

Wanda ya kamata likita ya gani shi ne mai banƙarewa yana tsala kuka ana cikin shayar da shi, ko mai ƙin nono, ko mai yawan tari da shaƙewar murya, ko wanda awo ya nuna ba ya ƙaruwa. Idan kuwa aman kore ne, ko da jini a ciki, ko yana feshowa da ƙarfi bayan kowace shayarwa, ko maɗigarsa ta faɗa, to a nufi asibiti nan take.

Za a ce ai an kifa wasu kuma sun rayu. To, Allah ne ya kiyaye. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a daina kifa jarirai, saboda alaƙar hakan da mutuwar fuju'a cikin barci, kuma mai tumbuɗi ma a rigingine ake kwantar da shi. Iyaye mata, don Allah ku dubi yaron. Ku rage yawan abin da yake sha a lokaci guda, ku ƙara yawan shayarwa, ku sa shi ya yi gyatsa, ku riƙe shi a miƙe na minti 20 zuwa 30 bayan shayarwa.

Wannan riƙon kuma bai fi ƙarfin iyaye maza ba, masu miƙa yaro da sauri da zarar ya ɓata musu riga, alhali rigar ma ba su za su wanke ba.