Ƙannenmu sun fara karanta Shaihu Umar, don Allah kar a tsallake musu maganar bauta

Jama'a assalamu alaikum. Wasu ƙannenmu 'yan sakandare sun haɗa kansu sun fara karanta Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk ranar Asabar, kowa ya karanta a gida ya rubuto abin da ya fahimta sai a zo a zauna a tattauna, kuma sun ce in ɗan ce wani abu kafin su yi nisa. Ni dai wallahi na ji daɗi, a wannan zamanin yaro ya ajiye waya ya ɗauki littafin da aka buga tun 1934 ba tare da malami ya tsaya masa da bulala ba ai abin a yaba ne. Amma fa akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda ake koyar da littafin nan, yau sai na faɗa.

Duk wanda ya yi Hausa a makaranta ka tambaye shi jigon Shaihu Umar zai ce maka haƙuri da yarda da ƙaddara, shikenan, an haddace an zuba a takardar jarabawa an wuce. Ban ce ƙarya ba ne. To amma haƙuri a kan me? Littafin nan tun daga farkonsa har ƙarshe bauta ce a ciki, hari ne da satar yara da cinikin mutane, mu kuma sai mu bi ta gefe kamar ba mu gani ba.

Ku duba Makau, mijin uwar Umar, wanda dukkanmu muke tausaya wa saboda fadawa sun yi masa sharri an kore shi daga gari. Sharrin a kan me aka ƙulla shi? A kan bayin da aka kamo a wajen hari, aka ce ya ɓoye wasu. Kenan shi kansa mutumin kirkin labarin da shi aka je kamo mutane, kuma a cikin labarin babu wanda ya ga laifin zuwa harin, abin da ake rigima a kai shi ne rabo. Wannan kaɗai ya isa a shafe zama guda ana magana a kai amma ban taɓa jin an yi mana tambaya a kansa ba a aji.

Sannan ga shi kansa Umar, an sace shi yana ƙaramin yaro, ya bi hannu hannu har ya faɗa wajen Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetara sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Allah ya yi masa gyaɗar dogo. To sauran yaran da aka kora a ayari ɗaya fa? Hanyoyin nan ba ƙirƙira ba ce, akwai wadda ke tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas da Ghat har Tarabulus, akwai ta Barno da ke bi ta Bilma da Murzuk, kuma mutane aka riƙa korawa a ƙafa a kansu, da yawa ba su kai ba.

Wacce ta fi tsaya min a rai ita ce uwar. Mace ɗiya, ba baiwa ba, ta bar gida ta bazama neman ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa aka kai ta can ƙasashen Larabawa, ta sha wahalar da ba ta faɗuwa, kuma da ta ga ɗan nata ba ta daɗe ba ta rasu. Sunan Umar ne a bangon littafi, shi ne shaihi, shi ake zuwa ɗaukar karatu a wajensa a Rauta, amma in ana maganar wanda ya biya farashi a labarin nan ita ce. Ina so 'yan matan da ke cikin masu karatun nan su riƙe wannan da kyau su zo su gaya mana yadda suke gani.

Wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne lokacin da aka rubuta shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi 1912, kenan yana saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya, malamin makaranta a Bauchi, lokacin da ya shiga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A lokacin ba a ma gama soke bauta a dokance ba a Arewacin Najeriya, Turawa sun fara da cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Kun ga kenan ba tarihi mai nisa yake ba da labari ba, akwai tsofaffin da abin ya faru a kansu suna zaune a gari ɗaya da shi, wasu ma har lokacin da iyayen gijinsu.

Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa ai bai soki bauta ba don haka ya goyi bayanta. Eh bai tsaya ya yi huɗuba ba, kuma gaskiya akwai wuraren da za ka so ya ɗan ɗaga murya bai ɗaga ba, ana iya kama shi a nan. Amma wanda ya rubuta abin da ya sami matar nan ya san abin da yake nunawa. Yara su yi gardama a kai, wanda ya ce ya yi sanyi da yawa ya kawo shafin, wanda ya ce a'a shi ma ya kawo nasa, ba sai an jira abin da ke cikin littafin amsoshin jarabawa ba.

Malamai da iyaye kuma don Allah in yaro ya dawo gida ya yi tambaya a kan wa ya kama wa, wa ya sayar da wa, kar a ce masa ya yi shiru, ai labarin ma da tambayar almajirai ya fara, su suka ce wa malaminsu ya gaya musu asalinsa.

Ku kuma ƙannena, akwai fim ɗin littafin da Adamu Halilu ya yi a 1976, an gyara shi har an nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018, amma ku gama littafin tukuna kafin ku neme shi, na san halinku. Wanda yake da kwafi a gida yana kwance ya taimaka ya ara musu, yanzu haka karɓa karɓa suke yi.