Gani Biyu-Biyu da Tabarau: A Daina Cewa "Ido Zai Saba"

Jama'a, akwai maganar da ke damuna. Mutum zai ce tun da ya sa sabon tabarau, lokaci-lokaci yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, sai a ce masa ya yi haƙuri, ido zai saba. Wani lokacin yakan saba ɗin, cikin 'yan kwanaki. Amma idan aka shafe makonni abin bai tafi ba, to akwai dalili, kuma dalilin ake so a nemo.

Sau da yawa laifin na tabarau ɗin ne. Kowane gilashi yana da cibiya, wadda dole ta zauna daidai saitin ƙwayar ido. Shi ya sa mai awo na ƙwarai yake auna tazarar da ke tsakanin idanunka biyu, wadda a manya ta kan kai milimita 60 da ɗoriya. Idan cibiyar ta kauce, gilashin sai ya karkatar da haske, kowane ido ya kai wa ƙwaƙwalwa hoto a wuri daban. Kuma ƙarfin gilashi, ƙarfin matsalar. Ga wanda gilashinsa yake da kauri, kaucewar milimita uku ko huɗu ta isa ta jiƙa masa aiki. Haka ma firam ɗin da aka zauna a kansa ya lanƙwashe, ko wanda yake zamewa kan hanci, ɓari ɗaya sama ɗaya ƙasa.

To ina ga tabarau na tire da ake talla a kasuwa da bakin masallaci? Dattijo zai gwada, ya ɗaga jarida, ya ce wannan ya yi. Alhali ƙarfin gilasan biyu iri ɗaya ne, tazarar ma ɗaya ce ga kowa, idanun mutane kuwa ba haka Allah ya yi su ba. Na san tsadar rayuwa ce ke kai mutane can, ban ga laifinsu ba, amma wallahi ido ya fi ƙarfin a yi masa gwajin hula.

Akwai gwaji mai sauƙi. Idan abin ya taso, rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. In har da ido ɗaya ma kana ganin biyu, matsalar na cikin wannan idon: yanar ido, ko rashin daidaiton fuskar ƙwayar ido, ko bushewa irin ta ƙurar hunturu da doguwar kallon waya. In kuwa biyun sun koma ɗaya, to ko dai cibiyar gilashin ce ta kauce, ko kuma idanun ne ba sa tafiya tare. Tsoka shida ke juya kowane ido, kuma akwai masu ɓoyayyen harara-garke da ba ya bayyana sai sun gaji ko da dare.

Nan ne fa tsorona yake. Ciwon suga da hawan jini suna taɓa jijiyoyin da ke sarrafa waɗannan tsokoki. Idan gani biyun ya zo farat ɗaya, tare da matsanancin ciwon kai, ko fatar ido ta sauko, ko jiri, ko nauyin baki da hannu, wannan ba maganar canza tabarau ba ce, asibiti za a nufa a ranar. Sauran kuma, mu da muke da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano, a je da tabarau ɗin a hannu, a ce a auna shi a kan fuska, a kuma duba suga da jini.