Shekara 12 Kafin Su Gina Majami'a

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama gare ku.

Kusa da wani ƙaramin gari mai suna Goessel, a jihar Kansas ta Amurka, akwai tsohuwar majami'a a tsakiyar gonakin alkama, ana kiranta Alexanderwohl. Waɗanda suka kafa ta Mennonawa ne, mabiya koyarwar Menno Simons, wanda ya bar aikinsa na fada a cocin Katolika a 1536. Ba sa yi wa jarirai baftisma, ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, domin sun ɗauki maganar Yesu ta ƙaunar maƙiyi da gaske.

Wajen 1820 kakanninsu suka bar Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, zuwa ƙasar Rasha, inda aka yi musu alkawarin ba za a sa 'ya'yansu aikin soja ba. Suka yi noma, suka yi arziki. Da gwamnati ta janye alkawarin, a 1874 kusan ikkilisiyar gaba ɗaya ta tashi zuwa Kansas tare da dattijonta Jacob Buller. Gonakin da aka yi shekara hamsin ana gyarawa, da kaburburan iyaye, duk suka bari.

A Kansas kuwa fili ne fetal, sai ciyawa da iska. Kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ya kafa musu dogayen gidajen katako biyu, iyalai suka cunkushe a ciki, nan kwana, nan girki, nan kukan yara. Da kowa ya samu nasa muhalli, a gidajen nan aka ci gaba da sujada. Sai 1886 suka gina majami'a.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Shekara 12 ba su da ginin nunawa, amma kansu haɗe yake. Mu fa? Muna gasar dogon gini da tayil da na'urar sauti, alhali a benci ɗaya akwai mutum biyu da ba sa ga maciji da juna. Gini ba laifi ba ne, su ma ai sun gina. Amma me muka taɓa rabuwa da shi saboda bangaskiya? Wani ko cin hancin ofis ya kasa bari.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka kai gudummawar gini ranar Lahadi, nemi wanda kuke gaba da shi, ka je har gida ku shirya, ko da shi ne ya yi maka laifi.