"Babu Abin da Zai Canja," In Ji Su

Waɗanda ke tare da mu a kamfaninmu na ba da shawara kan harkar kwamfuta, wanda aka sayar wa wani katafaren kamfani, sun san abin da ya faru a ofis ranar Laraba, don haka ba sai na maimaita shi tiryan-tiryan ba. Injiniyan da ya fi kowa daɗewa a cikinmu aka miƙa wa takardar gargaɗi, laifinsa kuwa shi ne ya kwashe awa uku yana farfaɗo da na'urar adana bayanai ta wani asibiti da muka shekara tara muna yi wa aiki, ba tare da ya jira an buɗe masa lambar da za a rubuta kuɗin aikin a kanta ba. Madalla da tsarin zamani! Da ya bar marasa lafiya a layi har Litinin yana jiran sa hannun wani manaja da bai taɓa taka Abuja ba, da yanzu hotonsa na manne a bango a matsayin gwarzon wata.

Ranar da aka tara mu aka sanar da cewa wani katafaren kamfani ya saye mu, magana ɗaya aka yi ta nanatawa: babu abin da zai canja. Wannan maganar ce take ci mini rai, fiye da cinikin kansa, domin mai kaya yana da ikon sayar da kayansa. Kamfanin da ke ba da shawara kan harkar kwamfuta ba shi da masana'anta, ba shi da rumbun kaya. Jarinsa shi ne ma'aikatansa da amanar da ke tsakaninsu da masu ba su aiki. Duk wanda ya zuba kuɗi ya sayi irinsa, lokacin ma'aikatan ya saya, kuma wanda ya sayi lokaci dole ya ƙirga shi. Shi ya sa yanzu kowace Juma'a muke cike takarda muna bayanin kowane minti 15 na makonmu, ana auna darajar mutum da yawan awannin da aka caji wani a kansu. Amma dai babu abin da ya canja.

Na san za a ce albashi yana shigowa a kan kari, an ba mu inshorar lafiya, ana tura mu kwas. Gaskiya ne, mun gode, sai dai ban ga ta yadda inshora take goge takardar gargaɗi ba. Wasu kuma za su ce tsari ne ke toshe ɓarna. To, wace ɓarna aka toshe ranar Laraba?

Ba a kanmu aka fara ba. A 2008 kamfanin kwamfuta na HP ya sayi EDS, kamfanin da ke yi wa wasu aikin kwamfuta, wanda Ross Perot ya kafa a Amurka tun 1962, a kan dala biliyan 13.9, kuma cikin watan Satumba na wannan shekarar ya sanar da cewa zai rage ma'aikata 24,600. Shekara na zagayowa sunan EDS ɗin ma aka sauke shi. Mai saye yana da lissafinsa tun kafin ya sa hannu, kuma ba ya ɓoye wa masu hannun jarinsa. Mu ne kawai ake lallashi kamar yara.

Iyayen gidanmu na da, waɗanda har yanzu nake ganin girmansu, na fahimci shirunsu. A irin wannan ciniki akan riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan shekara biyu ko uku, idan riba ta kai abin da aka yanka, kuma bakin da ke jiran ragowar kuɗinsa ba ya musu. Da sun ce mana, "Jama'a, mun sayar, abubuwa za su canja, kowa ya duba wa kansa," wallahi da babu wanda zai riƙe su a zuci. Mutumin da aka yi wa gargaɗin nan ya ƙi karɓar aiki a wurare biyu bara, saboda ya gaskata su.

Wani abin kuma, duk wanda ke tsara taron mako a hedikwata, don Allah a sanar da shi cewa ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a muna masallaci. Sau huɗu ke nan ina rubuta wannan, kullum amsar da ke dawowa ita ce an tura ƙorafina sashen da ya dace.