Mai jiran shari'a ma ɗauri yake yi, ranar fita ce kawai ba a faɗa masa ba

Fursunan da alƙali ya yanke wa shekara biyar akwai abu ɗaya da yake riƙe da shi, ya san ranar fitarsa. Kullum gari ya waye yana rage kwana ɗaya, matarsa ta san lissafin, uwarsa ta sani, har yaransa ana iya ce musu baba ya kusa dawowa. Amma a cikin wannan ɗakin dai, wani sa'in ma kafaɗa da kafaɗa suke kwana saboda cunkoso, akwai wani bawan Allah da babu kotun da ta taɓa cewa ya aikata komai, shi ba shi da abin ƙirgawa, an dai kawo shi ajiya ne an ce ya jira. Wata uku, shekara ɗaya, shekara huɗu, yana jira. A takarda sunansa wanda ake zargi, amma abincin da yake ci da ƙwarin da ke cizonsa da tarin da ya kwasa duk irin na wanda aka yanke wa hukunci ne sak.

Ni a ganina nan ne babban ciwon harkar shari'ar laifuka a duniya, ya fi duk wani abu da ake ta surutu a kai. Akwai mutum sama da miliyan 11 a gidajen yari a faɗin duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. A Indiya wajen kashi uku cikin huɗu na fursunoni masu jiran shari'a ne, a Najeriya kusan kashi biyu cikin uku. Wato a irin waɗannan ƙasashe idan ka shiga gidan yari ka damƙi hannun mutum ɗaya, mafi rinjayen zato shi ne ka damƙi wanda doka ke kallo a matsayin marar laifi.

Kada wani ya ce ai matsalar ƙasashen talakawa ce. A shekarar 2010 'yan sandan birnin New York na Amurka sun kama wani yaro ɗan shekara 16, Kalief Browder, bisa zargin satar jakar goyo. Kotu ta sa belinsa dala 3,000, iyayensa ba su da ita, aka wuce da shi kurkukun tsibirin Rikers. Shekara uku yaron nan ya yi a wurin, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici, ana kai shi kotu ana ɗage zama ana mayar da shi, an yi masa tayi ya amsa laifi a sake shi ya tafi gida ya ce shi bai yi ba kuma ba zai ce ya yi ba. A 2013 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar gaba ɗaya, aka ce ya tafi. Ya tafi ɗin, amma ba yaron da aka kama ne ya koma gida ba, a 2015 ya kashe kansa yana ɗan shekara 22. Daga baya birnin ya biya iyalansa diyyar dala miliyan 3.3. Wallahi duk sanda na tuna labarin nan sai na ji abu ya tokare min ƙirji, domin babu wanda ya yanke wa yaron nan hukuncin ko kwana ɗaya.

Na Indiya kuwa sai ka riƙe baki. Wani mutum ɗan jihar Assam mai suna Machang Lalung an kama shi a 1951 yana ɗan shekara 23 bisa zargin ji wa wani rauni, laifin da ko an same shi da shi ɗaurinsa galibi ba ya wuce shekara 10. Aka tura shi asibitin masu taɓin hankali, shikenan aka manta da shi, sai a 2005 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta tono maganarsa aka sake shi yana ɗan shekara 77. Shekara 54 ba shari'a. Shekara biyu da 'yan watanni da fitowa ya rasu.

Za ka ce waɗannan ai sun yi tsanani, ba kowa ke kaiwa haka ba. Haka ne, amma hanyar da ta kai su can ita ce dai hanyar da ake bi da sauran, kuma ba wata muguwar maƙarƙashiya ba ce, ƙananan sakaci ne suke taruwa. Ɗan sanda ya kama mutum kafin ya gama bincike, a ajiye shi bayan kanta, a kai shi ƙaramar kotu da tuhumar da ita kotun ba ta da hurumin saurara, alƙali ya ce a kai shi ajiya har a samu shawarar lauyoyin gwamnati, fayil ya tafi can ya kwanta, ɗan sandan da ya yi binciken a yi masa canjin wurin aiki, ranar zama ta zo a ce motar kai fursunoni ta lalace, wani zaman shaida bai zo ba, wani zaman alƙali ya tafi taro, wani zaman an yi wa alƙalin ƙarin girma sai a faro shari'ar daga farko gaban wani. Kowa a cikinsu idan ka tambaye shi zai ce maka ba laifinsa ba ne, kuma ta wata fuskar gaskiya ya faɗa. Shi ya sa abin yake daɗewa, domin babu mutum ɗaya da za a nuna a ce kai ne ka ci shekara uku na rayuwar wane. Ɗage zama na wata biyu a wurin mai riƙe da biro layi ɗaya ne a takarda, a wurin wanda ke ciki dare sittin ne.

Sai batun beli, wanda a nan ne talauci ke zama laifi. Asalin beli ai ba hukunci ba ne, tabbaci ne kawai cewa mutum zai dawo kotu. Amma da zarar an ɗaura shi a kan kuɗi, ko a ce sai ka kawo mai tsaya maka wanda yake da takardar gida ko babban ma'aikacin gwamnati, to an riga an raba mutane gida biyu. Wanda ake zargi da wawure dukiyar jama'a ya cika sharuɗɗa kafin la'asar ya kwana a gidansa, wanda ake zargi da satar waya ya kwashe shekara saboda duk danginsa babu mai takardar fili. Kafin ya fito aikinsa ya tafi, mai gidan haya ya watso kayansa, yara sun bar makaranta, wani ma aurensa ya mutu, kuma ko kotu ta wanke shi tas mutane ba za su ce an wanke wane ba, cewa za su yi wane ai ya taɓa zaman gidan yari.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, tsarewar nan tana lalata ita kanta shari'ar. Mutumin da ya yi wata takwas a ciki aka ce masa ka amsa laifi a yanke maka wata shida ka tafi gida yau, ko ka ƙi ka ci gaba da jira, me kake tsammani zai zaɓa? Yawanci amsawa za su yi ko sun yi ko ba su yi ba, ba kowa ke da taurin zuciyar Kalief ba. A Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifuka ta hanyar amsa laifi ake samunsu ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Ban ce duk marasa laifi ba ne, ko kusa, amma amsar da aka karɓa daga bakin wanda ke neman hanyar fita daga ɗaki mai wari ba ta da nauyin da ake ba ta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina maganar. Wanda aka kashe masa ɗa, ko matar da aka yi wa fyaɗe, ko wanda 'yan fashi suka shiga gidansa, idan ya ga wanda ake zargi yana yawo a gari washegari zuciyarsa tafasa za ta yi, kuma akwai masu laifin da in an sake su gudu za su yi ko su je su tsorata shaidu. Irin waɗannan a tsare su, ban da ja. Amma a tsare su bayan alƙali ya kalli hujja ya rubuta dalili, kuma a yi shari'arsu da wuri. Jinkirin nan fa shi wanda aka zalunta ma cutarsa yake yi, shekara biyar shaidu sun watse, wani ya mutu wani ya manta, kayan shaida sun ɓace a sito, ƙarshe a sallami mai laifi na gaske saboda rashin hujja, ko kuma a yi ta riƙe da wanda ba shi ba ne alhali ainihin wanda ya yi yana can yana sake yi. Ga kuma yaron da aka kama kan ƙaramin abu an zuba shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙu shekara biyu, zama da maɗaukin kanwa ai dole ya kawo farin kai.

Abin takaicin shi ne ba doka aka rasa ba. Tun 1948 sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar a kotu. Yarjejeniyar 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa a sashe na 9 ta ce a gaggauta kai wanda aka kama gaban alƙali, a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace ko a sake shi, kuma kada tsare masu jiran shari'a ya zama shi ne abin da aka saba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a sashe na 35 ya sa wa'adin kwana ɗaya zuwa biyu a kai mutum kotu. Kotun ƙolin Indiya tun 1979 ta ce shari'a cikin hanzari haƙƙi ne. Kafin duk waɗannan ma, a shari'ar Musulunci hujja tana kan mai da'awa ne, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa gara shugaba ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi kuskure wajen hukunci. Dukkanmu mun taso da ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka jefa kurkuku ba da laifi ba, ya ce wa abokin zamansa da zai fita ya tuna da shi a wurin sarki, mutumin ya manta, ya ƙara shekaru a ciki. Mantuwa ce ta riƙe shi, ita ce kuma ke riƙe da miliyoyi yau.

Inda aka ɗan samu sauƙi idan ka duba ba wani abin mamaki suka yi ba, mantuwar suka yaƙa. Brazil ta fara a 2015 cewa duk wanda aka kama sai an kai shi gaban alƙali ido da ido cikin awa 24, ya gan shi ya ji ko an dake shi ya yanke ko akwai buƙatar tsare shi. Malawi tun shekarar 2000 ta bar mataimakan lauyoyi, waɗanda ba cikakkun lauyoyi ba ne amma an horar da su, suna shiga gidajen yari suna bin fayil ɗaya bayan ɗaya suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli, kuma kason masu jiran shari'a ya sauka sosai. Ghana a 2007 ta fara kai alƙalai su zauna a cikin gidan yarin su duba waɗanda suka daɗe. Jihar New Jersey a Amurka ta kusan daina belin kuɗi daga 2017, yawan masu jiran shari'a a tsare ya faɗi ƙwarai, jihar Illinois kuma ta soke shi ɗungurungum a 2023. Ba wai ko'ina abin ya tafi sumul ba, Brazil har gobe gidajen yarinta a cike suke maƙil, amma an ga cewa abu ne mai yiwuwa.

Ni abin da nake ganin ya rage shi ne a juya nauyin. A yanzu wanda ke tsare shi ke neman lauya, shi ke roƙo, shi ke rubuta takarda yana tuna wa hukuma cewa yana raye. Kamata ya yi ya zama hukuma ce ke gudu tana haki, kowace takardar ajiya ta zo da ranar ƙarewa, ranar ta cika ba a kawo hujja ba shugaban gidan yari ya mayar da mutum kotu kotu ta sake shi, kuma a rubuta sunan jami'in da fayil ya kwana a teburinsa a tambaye shi dalili, in sakaci ne ya gani a albashinsa da ƙarin girmansa. Dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta ɗan kama hanyar nan, ta ce umarnin ajiya na farko kada ya wuce kwana 14, ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Indiya a 2005 ta sa dokar cewa wanda ya kwashe rabin mafi tsawon ɗaurin laifin da ake zarginsa yana jira a ba shi beli, banda laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokokin suna nan a rubuce, alƙaluman da na kawo a sama kuma suna nan su ma, abin da ya ɓace a tsakani shi ne mutumin da za a kama da laifi in ba a bi ba.

Don haka ina roƙon 'yan jarida 'yan'uwana da ƙungiyoyin lauyoyi, duk sanda wani babban jami'i ya fito yana shelar za a gina sabon gidan yari mai cin mutum dubu kaza, a tambaye shi a gaban kyamara mutum nawa ne a tsohon suka wuce shekara ɗaya ba a fara sauraron shari'arsu ba, wane ne ya fi kowa daɗewa a cikinsu, kuma fayil ɗinsa yana teburin wa yau.