Manchester United: An bar jaki ana dukan taiki

Ranar Lahadi, 25 ga Mayun 2025, Manchester United ta buga wasanta na ƙarshe a gasar Firimiya da Aston Villa, wanda shi ne wasa na 60 da ta yi a kakar 2024/25 idan aka haɗa dukkan gasanni. Ranar Laraba, 28 ga wata, sai ga 'yan wasan a birnin Kuala Lumpur na Maleshiya, an fito da su fili cikin zafi da gajiya su kara da zaɓaɓɓun 'yan wasan kudu maso gabashin Asiya. Aka ci su ɗaya da nema, 'yan kallo suka yi musu ihu. Ba a kai su can don wani kofi ba, ba kuma don atisaye ba. Kuɗi aka tura su su nemo, domin asusun ƙungiyar ya rame.

Shan kashin bai ba ni haushi kamar yadda aka karɓi labarin a nan Sakkwato ba. Daga gidajen kallo na Mabera da Rijiyar Ɗorawa zuwa teburin mai shayi a Gawon Nama, har cikin zaurukan WhatsApp na magoya baya, magana ɗaya ake maimaitawa: 'yan wasa ba su da zuciya, a sayar da su kaf, a sallami koci. Kowa da jerin sunayen da ya rubuta na waɗanda za a kora. Da an ambaci Onana sai ka ji an ce, "Wanga gola shi yak kashe mu." Amma ka zauna daga magariba har a tashi ba ka ji wanda ya tambayi wa ya yanke shawarar kwasar mutanen da suka yi wata tara suna gudu a kai su wata nahiya yawon bara, ko mene ne ya jefa ƙungiya mai tarin magoya baya a kowace kusurwa ta duniya cikin wannan hali na neman na cefane.

Ba ina cewa kakar ta yi kyau ba ne. Matsayi na 15, maki 42, an doke su sau 18, sun ci ƙwallo 44 an zura musu 54. Rabon da su ƙare ƙasa da haka tun 1974, shekarar da suka faɗi daga babbar gasa. Ba don Leicester da Ipswich da Southampton sun lalace fiye da kima ba, da an shiga zullumin faɗuwa na gaske. Sannan aka je Bilbao ranar 21 ga Mayu, Tottenham da ta ƙare a ta 17 ta ɗauke kofin Europa da ƙwallo ɗaya tilo ta Brennan Johnson. Wanda ya biya kuɗin shiga gidan kallo ya zauna kan benci cikin zafin Sakkwato na watan Mayu, ya kuma fito 'yan Arsenal da Chelsea suna jiransa a bakin ƙofa, yana da haƙƙin ya yi fushi. Inda yake kai fushin ne kuskure.

Waɗanda suka ce a kori Ruben Amorim, kocin ƙungiyar a lokacin, su ƙirga mini. Tun da Sir Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 bayan ya ba ƙungiyar kofin lig na 20, an kawo David Moyes, an kawo Louis van Gaal, an kawo José Mourinho, an kawo Ole Gunnar Solskjær, an ba Ralf Rangnick riƙon ƙwarya, an kawo Erik ten Hag, sannan aka kawo Amorim a Nuwamban 2024. A cikinsu akwai waɗanda suka ɗauki kofin Zakarun Turai a wasu ƙungiyoyi, akwai ɗan gida, akwai mai tsauri, akwai mai lallashi, akwai mai son a riƙe ƙwallo, akwai mai son a tare baya a kai farmaki. Babu wanda ya ci Firimiya. Kowannensu an tarbe shi da murna a gidajen kallonmu, kuma waɗanda suka tafi sun tafi ana cewa bai san aiki ba. Shin duk waɗannan mutane a ƙofar Old Trafford suke mance abin da suka iya?

Haka batun 'yan wasa. Scott McTominay, wanda aka daɗe ana ce masa ba ajin Manchester ba ne, an sayar da shi ga Napoli a Agustan 2024 a kan kusan fam miliyan 25. Ya je ya ɗauki kofin Serie A a kakarsa ta farko, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Antony, da sunansa ya zama abin tsokana a kowace majalisa, an ba da aronsa ga Real Betis a Janairun 2025, ya koma cin ƙwallaye, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar Conference. Dean Henderson ya tare fenariti a wasan ƙarshe na kofin FA, Crystal Palace ta doke Manchester City ta ɗauki babban kofi na farko a tarihinta. Anthony Elanga ya ɗauko ƙwallo tun daga gidansu a rigar Nottingham Forest ya zo ya ci tsohuwar ƙungiyarsa a watan Afrilu. David de Gea, da aka bari ya tafi kyauta, yana can Fiorentina yana kama ƙwallo. Idan ƙafafun ne suka lalace, me ya sa suke warkewa da zarar sun bar gidan?

Shi Onana ya yi kurakurai, na wasan gasar Europa da Lyon ma kowa ya gani, ba sai an tsaya musu a kai ba. Sai dai golan da aka saya daga Inter Milan a 2023 shi ne ya tsare musu raga har wasan ƙarshe na Zakarun Turai a shekarar, kuma ko da bai yi kuskure ko ɗaya ba, ƙungiyar da ta ci ƙwallo 44 a wasa 38 ba za ta je ko'ina ba. Masu cewa babu zuciya kuma su tuna daren 17 ga Afrilu, lokacin da Lyon ke gaba da 4-2 a ƙarin lokaci, waɗannan yaran suka farke suka ci 5-4, Harry Maguire ya sa ta ƙarshe da ka.

Tushen ciwon yana shekarar 2005. A shekarar ce iyalan Glazer na Amurka suka sayi ƙungiyar a kan kimanin fam miliyan 790, kuma mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsu ya fito ba. Rance suka ci, suka ɗora sama da fam miliyan 500 a wuyan ƙungiyar da kafin zuwansu ba a binta bashi. Kwatankwacin mutum ya zo Tsohuwar Kasuwa ya sayi shagon da ya fi kowane ciniki da kuɗin aro, sa'annan ya ce shagon ne zai biya bashin da kuɗin ruwansa, shi kuma duk ƙarshen shekara ya zo ya ɗebi riba, rufi yana yoyo bai gyara ba. Zuwa 2025, shekara 20 ke nan ana haka. Masu bin diddigin kuɗin ƙwallo sun ƙiyasta abin da ya fita ta hanyar kuɗin ruwa da biyan bashi da rabon riba da makamantansu ya haura fam biliyan ɗaya, kuma har yau uwar bashin tana nan. Yoyon rufin ma a zahiri ya faru: a Mayun 2024, ranar wasa da Arsenal, duniya ta ga ruwan sama yana kwarara daga rufin Old Trafford.

Za a ce ai an kashe kuɗi wajen sayen 'yan wasa. An kashe, kuma wannan ne ma babban laifin. Kuɗin ƙungiyar ne da ta samu daga tikiti da talla da haƙƙin nuna wasa, aka damƙa su ga mutanen da ba ƙwallo suka sani ba. Ed Woodward, wanda ya riƙe ragamar gudanarwa daga 2013 zuwa farkon 2022, ma'aikacin banki ne da ya taimaka wa Glazer wajen cinikin sayen ƙungiyar. Sai a 2021 aka fara naɗa daraktan ƙwallon ƙafa, alhali takwarorinta sun daɗe da gina wannan tsari. Sakamakon shi ne Paul Pogba a kan fam miliyan 89, ya tafi kyauta. Jadon Sancho a kan miliyan 73, ya koma yawon aro. Antony a kan sama da miliyan 80. Casemiro yana ɗan shekara 30 aka biya miliyan 60 aka ba shi dogon kwantiragi mai tsada. Rasmus Højlund yana ɗan shekara 20 aka sayo shi daga Atalanta a kan miliyan 64, aka ɗora masa nauyin cin ƙwallayen ƙungiyar ba tare da wani gogagge a gabansa da zai koya daga gare shi ba. Ya ci huɗu a lig a kakar 2024/25, muka yi ta zaginsa. Yaron ba shi ya yanka wa kansa farashi ba, ba shi ya ce kada a sayo wani ba.

Wasu sun sa rai da Sir Jim Ratcliffe, attajirin kamfanin INEOS da ya sayi kusan kashi 28 cikin 100 a Fabrairun 2024 ya karɓi harkar ƙwallo. A duba abin da ya biyo baya cikin 'yan watanni. An yi ta jan ƙafa a kan makomar Ten Hag, da ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA sai aka tsawaita masa kwantiragi a Yuli, aka sayo masa Yoro da Zirkzee da De Ligt da Mazraoui da Ugarte a kan sama da fam miliyan 180. Ranar 28 ga Oktoba aka kore shi, aka biya shi da mataimakansa fam miliyan 10.4. Dan Ashworth, da aka yi watanni ana ja da Newcastle kafin a samo shi ya zama daraktan wasanni, wata biyar ya yi aka sallame shi, lamarin ya ci fam miliyan 4.1. Amorim da bakinsa ya faɗa cewa ya so a bar shi ya ƙarasa kaka a Sporting, aka ce masa ko yanzu ko a fasa. Aka kawo mai tsarin 'yan baya uku a tsakiyar kaka, aka miƙa masa 'yan wasan da aka tara don tsarin 'yan baya huɗu. Ya ci wasa 7 cikin 27 na lig. Taurin kansa a kan tsarin nan abin a yi masa magana ne, amma waɗanda suka ɗauko shi sun san haka yake tun yana Fotugal.

To wa ya biya kuɗin wannan ɓarna? Ma'aikata 250 aka sallama a 2024, aka kuma sanar da rage wasu da za su iya kai 200 a Fabrairun 2025. An soke abincin rana kyauta da ake ba ma'aikatan Old Trafford. An ɗaga tikitin da ya rage a tsakiyar kaka zuwa fam 66, babu rangwame ga yara ko tsofaffi. Har Ferguson an yanke masa albashin jakadancin ƙungiya. Sa'annan Ratcliffe ya fito a Maris na 2025 ya ce wasu 'yan wasan ba su isa ba, wasu kuma albashinsu ya yi yawa, a makon da aka nuna zanen sabon filin wasa mai cin mutum 100,000 da zai lashe fam biliyan biyu. Mai gida ya nuna yatsa ga 'yan wasa, mu kuma a nan muka bi yatsan da kallo. Wannan ne ke ƙona mini rai, domin mun zama masu taya shi aikin kawar da ido daga kansa da abokan hulɗarsa iyalan Glazer, waɗanda har gobe su ke da rinjayen iko a ƙungiyar.

Ba a ɓoye maganar take ba. Rangnick ya faɗa a 2022 cewa ƙungiyar tiyatar zuciya take buƙata, ba kwaskwarima ba. Cristiano Ronaldo ya ce ya dawo bayan shekara 12 ya tarar da wurin atisaye yadda ya bar shi, ya kuma ce masu ƙungiyar ba su damu da ita ba. Magoya bayan da ke Ingila sun gane tuntuni: a Mayun 2021 sun kutsa cikin fili har aka ɗage wasa da Liverpool, a Maris na 2025 ma dubbai sun yi maci cikin baƙaƙen kaya kafin wasa da Arsenal, kuma sunan Glazer ne a kan kyallayensu. Mu da muke da waya a hannu, muna iya lissafa wanda ya ba da fasin ɗin kowace ƙwallo tun zamanin Rooney, ba mu da uzurin rashin sanin wannan.

Na san ɗan kabu-kabun da ke Arkilla ba shi da ƙuri'a a taron masu hannun jari. Amma mu ne kasuwar da ake nuna wa masu talla idan ana neman kwangila, kuma shafukan ƙungiyar a Facebook da X cike suke da 'yan Najeriya. Muryar da muke ƙararwa a kan gola da ɗan gaba, a juya ta ga masu ƙungiyar. Su sauke bashin daga aljihunsu ko su sayar su tafi. A bar koci ɗaya da darakta ɗaya su yi shekaru suna gini, a daina sayen suna.

A kakar 2025/26 ƙungiyar ba ta samu shiga gasar Turai ba, ma'ana babu kuɗin da take kawowa, kuma dokar kashe kuɗi ta Firimiya a lokacin tana lissafa cinikin ɗan wasan da ƙungiya ta rena da kanta a matsayin riba zalla. Shi ya sa sunan Alejandro Garnacho da na Kobbie Mainoo, yaran da suka ci ƙwallaye biyun da suka kawo kofin FA a 2024, suka yi ta yawo a kasuwa tun Janairun 2025. Masu rubuta jerin waɗanda za a sayar su sani cewa masu babban albashin da suke son a rabu da su ba su da masu saye a farashin da aka sayo su. Waɗanda za su fi saurin tafiya su ne matasan da ya kamata a gina ƙungiyar a kansu, kuma kuɗinsu giɓin da shugabanni suka haƙa zai fara cikewa kafin a yi maganar sabon ɗan wasa.