Kada Ku Ɗauke Shi Tatsuniya

'Yan'uwana matasa, kwanan nan na gama karanta Brave New World, ƙagaggen labarin da Aldous Huxley ya fitar a 1932, kuma wallahi akwai wuri guda a farkonsa da har yau yake ci mini rai. A duniyar da ya ƙaga babu uwa babu uba, a cikin kwalabe ake rainon 'yan tayi, layi-layi. Wanda aka yanke wa aikin wahala sai a rage masa iskar da ke isa gare shi, don kada kwanyarsa ta cika. Ya fito a dakushe, a hore shi ya so hakan, bai ma san an cuce shi ba. A nan na kife littafin, na daɗe shiru.

Da na ba abokai labari, ɗaya ya ce ai ƙaryar marubuta ce, ɗaya kuma ya ce dama kimiyyar nan duk ɓarna ce. Duka biyun sun ba ni takaici, shi ya sa nake muku wannan magana.

Mai cewa ƙarya ce, ya sani lokacin da aka rubuta littafin ba a ma gano fasalin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ba, sai a 1953. Amma a 1996 aka haifi tunkiya Dolly a Sikotilan daga ƙwayar jikin wata tunkiya, ba tare da rago ba. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yanka ƙwayar gado a daidai inda ake so da dabarar CRISPR. Shekara 6 kacal bayan haka, a Nuwamban 2018, wani masani a ƙasar Sin mai suna He Jiankui ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa wa ƙwayar gado mai suna CCR5 tun kafin a dasa su a mahaifa, wai don kare su daga ƙanjamau. Lokacin da ya taɓa su, yaran nan ba su da ciwon komai. Akwai hanyoyin kariya da likitoci suka daɗe da sani. Abin da ya sauya kuma yana iya bin 'ya'yansu da jikokinsu. Kotu ta ɗaure shi shekara 3, ya gama ya fito, su kuwa da abin za su rayu, ba wanda ya nemi yardarsu.

Kai kuma mai tsine wa kimiyya, ka taɓa zama kusa da mai sikila cikin dare ciwon ya tashi? Yana murƙususu, ƙashi kamar ana sara, uwarsa tana riƙe da hannunsa ba ta da abin yi sai hawaye. Da wannan CRISPR ɗin aka haɗa Casgevy, maganin sikila da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyacin, a gyara, a mayar masa. Shi ne mai ciwon, da saninsa aka yi, gyaran kuma a jikinsa ya tsaya. Ta yaya za ka haɗa wannan da abin da aka yi wa tagwayen?

Sai dai kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Nan ne kwalaben Huxley suka dawo mini, domin idan lafiya ta zama ta mai hali kaɗai, an fara raba mutane aji-aji ko ba kwalba. Kada kuma ku ce mutum ba zai iya ba: a ƙarni na 20 an hana sama da mutum 60,000 haihuwa da ƙarfin doka a Amurka, wai irinsu bai da kyau, Kotun Ƙoli ma ta sa hannu a 1927.

Don Allah ku karanta irin waɗannan littattafai, ku bi su da karatun ainihin ilimin, ba a fafe gora ranar tafiya. In kun ji an ce an gyara ƙwayar halitta, ku tsaya ku tambaya: ta wa, ciwon me gare shi, ya yarda? A cikinku akwai masu karatun likitanci da shari'a da addini, kuma gabanku za a kawo maganar nan. Tagwayen can yanzu sun isa shiga makaranta.